Mutumin da Ya Goge wa Ɓeraye Ido

Ya 'yan uwa, kafin kowa ya tashi neman takalminsa, ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. An yi wani mutum Musulmi a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan na bayan duwatsun birnin Guilin, ba a zamanin kakanni ba, a wannan zamani namu. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma Allah ya rufa masa asiri. A gidansu Na Uku ake ce masa, saboda shi ne na uku a haihuwa. Mu ma haka za mu kira shi.

Sana'arsa kiwon fararen ɓeraye. Na ga wasu sun yamutsa fuska. Ku saki fuskarku, jama'a! Man sanyin ƙashin da kuke shafawa a gwiwa, daga ina kuke zaton yake fitowa? Daga gidajen kiwon macizai. Su kuwa macizai ba taliya suke ci ba. Dole sai wani ya kiwata musu abin da za su haɗiya, kuma da wannan sana'a mutane da yawa suka ciyar da iyalinsu.

Gidaje bakwai ne ke wannan kiwo a ƙauyen. Wani dattijo da ake kira Tsoho Weng shi ya fara kawo sana'ar, shi kuma ya kafa musu ƙa'idoji biyu.

Ta farko, in jini ɗaya ya daɗe yana barbarar juna, 'ya'ya sai su riƙa fitowa ƙanana, ba ƙwari. Don haka kowace shekara, da an gama dashen shinkafa, sai a taru a gindin bishiyar ƙofar gidan dattijon. Kowa ya zo da mazan ɓeraye shida a kwandon gora, ya ba kowane maƙwabci ɗaya, shi ma ya karɓi ɗaya daga hannun kowa. Baƙon namiji kuwa ba a jefa shi cikin mata nan take, don za su yi masa taron dangi. Sai a ajiye shi a baranda kwana biyar, a zuba masa ɓuntun shinkafar da matan suka kwana a kai, har ya ɗauki warin gida.

Ta biyu, duk wanda ya ga ciwo a ɗakin kiwonsa, ya ɗebo farar ƙasa ya ja layi a bakin ƙofa. Daga ranar kwana arba'in ne ba shiga ba fita. Ba mai leƙa ɗakin wani, ba likita, ba takarda. In babu layi a ƙofarka, an ɗauka lafiya lau kake. Kun ga ke nan abincin gidaje bakwai a kan gaskiyar kowane ɗayansu yake rataye.

Ɗaya daga cikin gidajen na yayarsa ne, Fenglian. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta ba shi mata goma na farko da ya fara kiwo da su. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, ba ta da gona. Ɗan ɗaki gare ta na gora mai mata sittin, da su take ci, da su take sha. Duk inda ta zauna ba ta da hira sai ta ƙanenta.

Shi kuwa Na Uku harka ta buɗe masa. Ɗakinsa ya fi na kowa girma, ɓerayensa sun haura dubu, kuma shekara biyu a jere mazansa ne suka fi na kowa ƙiba a ranar musaya. In an tambaye shi sirrin, sai ya shafa haɓa ya ce wani haɗin abinci ne da ya ƙirƙiro da kansa.

Ƙarya yake yi. Wani direban babbar mota ne ke kawo masa manyan maza daga wani lardi mai nisa, su haɗu a bayan kasuwar birni. Sayen ba laifi ba ne. Amma da yake ya riga ya ce gwanintarsa ce, ba shi da halin ajiye baƙon ɓera a baranda inda mai wucewa zai gani ya yi tambaya. Sai ya shigo da shi a cikin buhu, ya sa shi a kejin da ke can ƙuryar ɗaki, kusa da sauran. Sau biyu ya yi haka ya sha. A karo na uku baƙon ya zo da ciwo.

Saura kwana huɗu musaya aka fara jin atishawa a ɗakin. Washegari ɓeraye suka daina cin abinci, suka takure, gashinsu ya tashi, wuyansu ya kumbura. Wata jar kwantsa ta fito musu a ido da hanci, ka ce jini suke kuka. Uwa da jiya take shayar da 'ya'ya goma sha biyu, yau sai a tarar ta sanƙare, 'ya'yan na ta lalube a jikinta.

Matarsa Shumei ta tsaya a ƙofar ɗakin da bokiti a hannu, ta ce, "Baban yara, buhun farar ƙasa yana bayan murhu."

Ya ce, "Wa ya tambaye ki?"

"Gawa goma sha ɗaya na kwashe yau."

"Canjin iska ne. Ba ki ga damina ta kankama ba?"

Ta ce, "To a ɗakinmu kaɗai daminar take sauka?"

Ya daka mata tsawa, ya ce, "Abincin maciji ne fa, ba 'ya'yan cikinki ba! Ko yau ko gobe ai mutuwa za su yi."

Ta ce, "Wannan kai da Mahaliccinsu. Ni dai na faɗa maka inda buhun yake."

Ya 'yan uwa, me ya hana shi? Buhun bai fi taku goma daga inda yake tsaye ba. Asarar kwana arba'in ba za ta karya shi ba, yana da ƙarfinta. Abin da ya kasa ɗauka shi ne idon mutane. In ya ja layi za a tambayi daga ina ciwon ya shigo, in an bi sawu za a kai ga direba, in an kai ga direba, haɗin abincin da yake shafa haɓa a kansa ya zama abin dariya a wurin shan shayi. Wannan ne kawai. Don kada a yi masa dariya ya sa abincin gidaje shida a bakin rami.

Ranar musaya da safe ya zaɓi maza shida waɗanda suke tsaye da ƙafarsu. Ya ɗumama ruwa, ya samo tsumma mai laushi, ya zauna a kan ɗan benci. Ɗaya bayan ɗaya ya goge musu jar kwantsar ido, ya goge hanci, ya goge 'yan hannuwan da suke murza fuska da su, ya kwantar musu da gashi. Ya yi aikin a natse, da kula, yadda bai taɓa kula da su ba suna da lafiya. Da hannun nan ya yi alwala da asuba, da shi kuma ya yi wannan.

A gindin bishiya an dafa shayin mai, wato shayinsu da ake soya ganyensa da mai, ana sha ana barkwanci. Wani maƙwabcinsa, Dogo Lu, mutum mai baki, ya leƙa kwandonsa ya ce, "Kai, Na Uku! Waɗannan ɓeraye ne ko zomaye? Macijin da ya haɗiye wannan ai sai an kira masa ungozoma."

Aka kwashe da dariya. Fenglian ta fi kowa jin daɗi, ta ce, "Tun yana yaro hannunsa ke da albarka."

Sai Tsoho Weng ya ajiye kwanonsa ya yi tambayar da yake yi kowace shekara: "Akwai wanda ke da layi a ƙofarsa?"

Kowa ya ce babu. Muryar Na Uku ta fi ta kowa fitowa.

A hanyar gida Shaiɗan ya yi ta lallashinsa. Ai akwai kwana biyar. Ai waɗanda ka bayar masu ƙarfi ne. Ai kafin nan ciwon ya wuce. Haka yake yi wa kowannenmu, ba ya cewa ka aikata ɓarna, cewa yake yi akwai sauran lokaci.

Washegari Shumei ta kwashe gawa ta cika bokiti uku. Na Uku ya dubi bokitan. Ya ce a ransa, sauran dai su ji da kansu, amma bari in ceci Yaya. Ya je ya same ta tana tsame taliyar shinkafa daga tukunya.

Ya ce, "Yaya, namijin nan da na ba ki jiya, ba ni shi. Zan canza miki da wanda ya fi shi."

Ta ce, "Wane irin canji? Ai tun jiya na sa shi cikin matan."

Ya ce, "Tun jiya?"

"To ɓeran ƙanena baƙo ne? Ɓuntunmu daga inji ɗaya muke ɗebowa, warinsu ɗaya. Na sauran biyar ga su can a baranda suna jiran kwanansu, amma naka ɗan gida ne. Zauna ka ci taliya, duk ka zabge. Shumei ba ta ba ka abinci ne?"

Ya zauna. Ta zuba masa, ta ƙara masa gyaɗa da wake mai tsami yadda yake so tun yana ƙarami. Ya ci, ya 'yan uwa! Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Ya cinye kwanon tas, ya yi godiya, ya tashi ya tafi bai ce mata uffan ba. Da ya yi magana a wannan safiya, da an cire namijin da matan keji ɗaya, da wataƙila sauran sun tsira.

Kwana biyu suka ƙara wucewa. Ɗakin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai don ƙarar ɓeraye, ya koma shiru sai wari. Ya haƙa rami a bayan gida yana zubawa yana rufewa, ya hana matarsa fita ko wurin ɗiban ruwa.

Rana ta huɗu da hantsi sai ga Fenglian ta shigo tsakar gidansa tana haki, farar ƙasa duk ta ɓata mata hannuwa. Ta tsaya nesa da ɗakin kiwon, ta ƙi matsowa.

Ta ce, "Na Uku, maza ka je ka fitar da namijin da na ba ka, ka kashe shi, ka ƙone kejin. Ciwo ya ɓulla a ɗakina. Na ja layi. Tun safe mata bakwai sun tafi, sauran idonsu jawur. Ban san daga ina ya shigo mini ba, wataƙila masarar da na saya ce, wataƙila tsufa ya sa na yi sakaci. Kai na fara zuwa wa, don kai ka fi kowa abin asara. Yanzu zan bi sauran gidajen in faɗa musu. Ka yafe mini, ƙanena, in na jawo maka."

Ku tsaya nan ku duba, jama'a. Ga ƙofa a buɗe. In ya yi shiru, shi ke nan ya fita fes. Gobe ya ja nasa layin ya ce daga namijin Yaya ciwon ya shigo masa, kowa ya tausaya masa. Ita da bakinta ta ɗauki laifin, ba wanda ya ɗora mata. Tsohuwa ce, za a yi gunaguni a bari. Amma fa gobe ne kwana na biyar, kuma namijinta kawai za a kashe a kowane gida, nasa kuwa a zuba shi cikin mata.

Ta juya za ta tafi. Ya dubi bayanta, bayan da ya goya shi, ya ga yadda ya ranƙwafa. Abin da maganar matarsa ba ta yi ba, abin da warin gawa bai yi ba, wannan neman gafara ya yi shi. 

Ya ce, "Yaya, tsaya."

Ya je ya buɗe ƙofar ɗakinsa gaba ɗaya. Warin ya bugo. Ta ga kejina fanko jere-jere, ta ga waɗanda suka rage suna numfashi da ƙyar. Ya faɗa mata komai, direba, buhu, ruwan ɗumi da tsumma, bai rage ko ɗaya ba.

Ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta ce, "Ranar da ka zo ka zauna a kan kujerata, ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

Ta goge hannuwanta a gaban rigarta, ta fita.

Bai tsaya ko sa takalmi sosai ba. Ya bi gidaje biyar ɗaya bayan ɗaya, a kowace ƙofa ya maimaita abin kunyarsa daga farko. Dogo Lu ya ɗauko kejin da ke baranda ya wurga masa a ƙafa, ya ce, "Ashe zomayen naka da likkafani suka zo! Ka sha shayina, ka yi dariyar maganata, kana sane?" Wani ya tofa yawu ya rufe ƙofa. Tsoho Weng kuwa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Da ka ja layi, da kwana arba'in ne, ɗana. Yanzu ban san ko kwana nawa ba ne."

Gidajen biyar suka hallaka duk mazan da ke baranda, suka ƙone kejinan, suka wanke ko'ina da farar ƙasa. Allah ya taimake su, ciwon bai shiga ɗakin kowa ba. Amma ɗakin Na Uku ya ƙare ƙurmus, ko ɗaya bai rage ba. Masu macizai da suka ji labari suka ɗauke ƙafa. Aka cire shi daga cikin gidaje bakwai. Mutumin da ya ji tsoron dariyar yini ɗaya, sai ga shi yana gaisuwa a kasuwa ana kau da kai. Matan Fenglian sittin kuwa, tara suka rayu.

Wannan ita ce faɗuwarsa, kuma shi ya gina ta da hannunsa. Amma ban tsayar da ku don in ba ku tsoro kawai ba.

Da kwana arba'in suka cika, maƙwabta suka haɗa wa Fenglian mata, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Shi ba wanda ya kawo masa komai, shi ma bai nema ba. Ya samu aikin ɗaukar kaya a injin casar shinkafa. Kullum kafin ya tafi sai ya ajiye buhun sabon ɓuntu a ƙofar yayarsa, ya kwashe tsohon, ya kai kejinanta bakin rafi ya wanke. Ba ta hana shi ba, ba ta kuma ce masa sannu ba. Kusan shekara guda ba ta yi masa magana ba. In tana son abu sai ta faɗa wa bango, ta ce, "Kejin ƙarshe ƙofarsa ta lalace," washegari ta tarar an gyara. Ya sha kuka a bakin rafin nan. Ya roƙi Allah gafara, ya san kuma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Shekara ta zagayo, aka gama dashe. Ƙafar Fenglian ta kumbura, ba ta iya ɗaukar kaya. Ranar musaya ta dube shi ido da ido, karo na farko, ta ce, "Na Uku, zaɓo mazan, ka ɗauko kwandon ka biyo ni."

Da aka hango shi da kwando, hira ta mutu a gindin bishiya. Wasu suka janye kwandunansu. Fenglian ta zauna a hankali, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, ta ce, "Shi ke kula mini da ɗaki, shi ya zaɓo. Wanda ba zai karɓa daga hannunsa ba, ya bar mini kayana."

Ba wanda ya motsa. Tsoho Weng ya leƙa kwandon, ya ƙirga da yatsa, ya ce, "Gidaje biyar ne ke jira. Huɗu nake gani."

Na Uku ya ce, "Kawu, na biyar ɗin ya yi atishawa jiya, sau ɗaya. Na ware shi, na kwana ina tunani. Yau yana ci yana sha, idonsa fes, ina jin ƙura ce ta shiga masa hanci. Amma ban kawo shi ba. Ku ma in kuna shakkar waɗannan huɗun, ku bari sai an ga yadda zai kasance nan da kwana biyar."

Dogo Lu ya ce, "Na wa ne aka bari a gida?"

"Naka ne."

Dogo Lu ya tafa hannu ya ce, "Ku ji mini mutum! Bara ya ba ni mai ciwo, bana ya hana ni mai lafiya. Ɓera ya yi atishawa sau ɗaya, an kai shi asibiti! Ni da nake tari tun sanyin bara ba wanda ya ware ni."

Dariya ta ɓarke, har da dattijon. Dogo Lu ya tashi ya ɗebo shayi a kwano, ya miƙa wa Na Uku, ya ce, "Karɓi, sha. In ya cika kwana biyar ɗin ka kawo mini shi da kanka." Daga nan sauran suka matso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi nasa daga hannunsa. Fenglian ta juya kai gefe tana share ido, ta ce hayaƙin murhu ne ya dame ta.

Ya 'yan uwa, ba labarin ɓeraye na ba ku ba. Kowannenmu yana da ɗakin da ba mai leƙawa, kuma akwai mutanen da suka amince da shi ba tare da sun duba ba. Mai sayar da shanu ya san wadda ke ɗingishi. Mai gidan abinci ya san naman da ya kwana. Mai neman aure ya san abin da likita ya faɗa masa. Wa aibin da ka ɓoye zai fara kamawa? Ba mai shakkarka ba, shi ya ajiye ka a baranda yana dubawa. Wanda ya fi ƙaunarka shi zai fara cutuwa, don shi ne ya buɗe maka ƙofa bai tambaya ba.

Kada kuma wani ya ce dabba ce, ai yanka ta za a yi, ai abincin wani ce. Muddin tana hannunka tana numfashi, amana ce, za a tambaye ka.

Sannan ku lura da kwanakin. Da ya yi magana a rana ta farko, da ba wanda ya yi asara sai shi. Da ya yi a safiyar da ya je gidanta, da yayarsa ta tsira da yawancin abinta. Ya yi jinkiri har rana ta huɗu, amma da ya yi ɗin, gidaje biyar suka kuɓuta, shi ma ya samu hanyar komawa cikin mutane. Ƙofar tuba ba ta rufe masa ba, kuma ba ta rufe wa kowa a cikinmu ba. Jinkirin ne ke da tsada, kuma sau da yawa ba mai jinkirin kaɗai ke ɗanɗana ta ba. In akwai wanda ke zaune a nan da magana a maƙogwaro, kada ya jira Juma'a mai zuwa.

Ya Allah, ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Ka sa kunyarka ta fi mana kunyar mutane nauyi. Ka tausasa zukatan waɗanda muka cuta su yafe mana, mu ma ka ba mu ikon yafewa. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu, ya kiyaye iyalanmu da abin da muke kiwo. Amin.